Me ya sa aka yi wa wata unguwa kwata aka tsallake tamu?

Tambayar daga wani matashi ta fito, sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarsu a wani ƙaramin gari wanda shi ne hedikwatar ƙaramar hukumarsu. Ya ce damina uku ke nan a jere ruwa na shiga musu gidaje, har gindin katangu ya fara cinyewa. Sau biyu suka ɗebi dattawan unguwa suka je wurin ciyaman, ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce su kwantar da hankalinsu. Har yau shiru. Ana cikin haka sai ga fitilu masu aiki da hasken rana an jera a bakin kasuwa, aka kuma gina kwata a wata unguwa da ba ta kai tasu shan ruwa ba. Yana so ya san wa ke zaɓar inda za a yi aiki, da abin da ya rage su yi.

Ƙanena, Allah ya kiyaye ku da iyalanku, ya sa a gama daminar nan lafiya. Na daɗe a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma kafin in ajiye aiki, kuma tawaga irin taku na ga ta fi a ƙirga: dattawa cikin manyan riguna, liman a gaba, a zauna a ofishin ciyaman a yi addu'a, a fito da murna. Ba ku yi laifi ba da kuka je. Sai dai zan tambaye ka abu biyu. Da kuka tashi, kun bar takarda, an buga mata hatimin karɓa, kun dawo da kwafi? Kuma bayan ruwa ya janye, kun sake komawa? Idan da baki kuka yi magana, a watan Agusta lokacin da ruwa ke tsakar gida, kuka tafi sai wata daminar, to alkawarin nan bai fita daga ɗakin da aka yi shi ba. Ba lallai ne ciyaman ya yi niyyar yaudararku ba. A ƙaramar hukuma ba a fitar da kobo a kan maganar baki. Aiki sai ya shiga kasafin kuɗi da sunansa da adadinsa, sannan a buɗe masa fayil, sannan a rubuta masa bauca, wato takardar biyan kuɗi.

Mu fara da ko aikin na waye. Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa abin da ke wuyan ƙaramar hukuma, kuma magudanan ruwa na ciki ƙarara, tare da titunan cikin gari da fitilunsu, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu. Don haka kwatar unguwarku haƙƙinku ce, ba alfarma za a yi muku ba. Amma akwai inda gizo ke saƙar. Babban titin da ya ratsa garinku mai yiwuwa na gwamnatin tarayya ne ko na jiha, kuma idan ruwanku sai ya tsallaka shi kafin ya kai rafi, ƙaramar hukuma ba ta da ikon fasa kwaltar ta sa kwalbati sai da izinin mai titin. Na san unguwar da ta yi shekara da shekaru tana zagin kansilanta, alhali abin da ya tare mata ruwa wani ɗan kwalbati ne a ƙarƙashin titin tarayya, wanda aka gina tun garin bai kai rabin haka ba.

Su kuma fitilun bakin kasuwa, kafin ka ɗora wa ciyaman, je ka karanta allon da aka kafa. Da yawa daga irinsu, har da rijiyoyin burtsatse, ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisa. A kasafin wata ma'aikata can sama ake sa su, ɗan kwangila ya zo ya kafa ya tafi, mu da ke sashen ayyuka sai dai mu wayi gari mu gan su kamar kowa. Kuɗinsu ba su taɓa shiga asusun ƙaramar hukuma ba, balle a juya su zuwa kwata.

Sai maganar kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kasonsu daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin 100, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68, a harajin VAT kuma suna da kashi 35. Abin da aka ware wa kowacce a wata ba sirri ba ne, ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafawa, za ka iya nemowa a wayarka. In ka ga adadin sai ka riƙe baki. To sashe na 162 na kundin shi ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a can ake yanka. Albashin malaman firamare ake fara cirewa, sai na ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, sai fansho, sai kason masarauta, sai abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda jiha ke zaɓa ta kuma ba da kwangilarsu. Abin da ke isowa sakatariya bayan wannan, a watanni da yawa da na shaida, bai wuce na man mota da takardu da alawus ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai jihohi 36. Ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Ina goyon bayan hukuncin nan ɗari bisa ɗari. Amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma ko kuɗin sun faɗo kai tsaye albashin malamai na nan daram, ya ma ƙaru tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wannan watan na Yuli. Ga siminti da rodi da kuɗin tifa sun yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai a 2023.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa, na rumfuna da tasha da mayanka, a ƙaramin gari ba su taka kara sun karya ba, kuma ba duk abin da aka karɓa ke isa hannun ma'aji ba. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da haraji da jangali ake tafiyar da gari, duba-gari na bi gida-gida yana leƙa kwata da randa. Talakawa sun sha uƙuba wajen karɓar harajin nan, shi ya sa da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi a 1979 aka yi ta murna, kuma da hujja. Sai dai tun da kuɗi suka koma zuwa daga Abuja ta hannun gwamna, hankalin shugaban ƙaramar hukuma ya fi karkata ga mai sakin kuɗin fiye da mutanen da ke zaune a gabansa. Wannan na cikin abin da ya rage wa muryarku nauyi.

Yanzu ga yadda abin ke tafiya a cikin sakatariya. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba. Wajen ƙarshen damina takardar umarni ke fitowa cewa kowane sashe ya kawo ƙiyasinsa na baɗi. Shugaban sashen ayyuka ya zauna ya buɗe kabad, abin da ya tarar a ciki shi zai rubuta: ayyukan bara da ba a gama ba, basussukan 'yan kwangila, jerin da ciyaman ya aiko, wanda kansiloli suka kawo, da wasiƙun jama'a waɗanda aka riga aka je aka auna aka yi musu lissafi. Daga nan sai kwamitin kuɗi, wanda ciyaman ke shugabanta, da mataimakinsa da sakatare da kansilolin da ke kula da sassa, ma'aji da daraktan ma'aikata na gefe. A wannan ɗaki ake rage wannan a ƙara wancan. Majalisar kansiloli ta duba, a kai ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha a kare shi. A wasu jihohi har majalisar dokoki sai ta amince. A Jigawa gwamna kan gabatar mata da kasafin ƙananan hukumomi 27 tare da na jiha. Duk wannan rabo tsakanin Satumba da Disamba ake yin sa, daidai lokacin da ƙasa ta bushe, kowa ya koma sabgarsa ya manta da kwata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko an shiga kasafi, da sauran rina a kaba, don kasafi izini ne kawai, kuɗin sai sun samu. Injiniya zai haɗa zane da lissafin kayan aiki, fayil ya yi ta hawa da sauka ana sa masa hannu. Ciyaman na da iyakar abin da zai amince shi kaɗai, kwamiti na da tasa, abin da ya haura a jihohi da dama sai an nemi yardar jiha, kuma doguwar kwata kusan kullum ta haura. In an amince, ko a ba ɗan kwangila, ko sashen ayyuka ya yi da kansa ya ɗauki birkiloli da leburori. Ɗan kwangila kan karɓi kafin alƙalami, saura kuma sai injiniya ya auna abin da aka gina ya rubuta satifiket, odita ya duba bauca, ma'aji ya biya. Bisa ƙa'ida akan riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, na wasu watanni, don in aikin ya tsage ya dawo ya gyara. A kowace gaɓa fayil na iya kwanciya. Na ga wanda ya shekara a tebur ɗaya, ba don mugunta ba, don dai babu mai zuwa ya tambaye shi.

To me ya sa waccan unguwa? Ba zan rufe ka ba, siyasa na ciki. Unguwar da ta ba da ƙuri'a, wadda wani mai faɗa a ji yake zaune, layin da gwamna zai bi in ya shigo gari, duk sukan riga saura. Akwai kuma son aikin da ido ke gani: fitila kwana biyu an kafa ta an ɗauki hoto, kwata kuwa rami ce da ake zuba kuɗi a ciki, in tana aikinta ba mai tunawa da ita. Amma akwai dalili na uku da jama'a ba su cika lura da shi ba, kuma a kansa nake so ka tsaya: in an gina kwatar, ina ruwan zai je?

Ka ɗauki fili mai faɗin hekta ɗaya, mita 100 sau mita 100, 'yan gidaje ne kawai. In aka yi ruwa na milimita 50, irin na dare ɗaya a Agusta, lita 500,000 ne suka sauka a kansa, jarka 20,000 ke nan mai cin lita 25. Da can ƙasa ke shanye kaso mai yawa. Yanzu rufin kwano ne da tsakar gida mai daɓen siminti, kusan duka waje yake fitowa, kuma a lokaci guda. Kakanninmu sun san da wannan. Kududdufan tsofaffin garuruwanmu, inda aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, su ne ma'ajiyar ruwan gari: ya taru a can, ya nitse a hankali, rani ya busar da saura. Muka mayar da su juji, da suka cika aka yanka su fuloti aka sayar. Shi kuwa ruwa bai daina zuwa inda ya saba ba, sai dai yanzu ɗakin kwanan wani yake tararwa.

Akwai aikin da har yau yake tsaya mini a rai. Ana dab da zaɓe aka matsa mana mu yi kwata a wani layi, aka ce mu fara daga sama, ƙofar masallacin Juma'a, inda kowa zai gani. Ƙa'ida ita ce a fara daga ƙasa, daga mafitar ruwa, a yi ta hawa, don duk inda kuɗi suka ƙare abin da aka gina yana da inda zai zubar. Na faɗa ba a ji ba, na kuma sa hannu a fayil ɗin. Kuɗi suka ƙare a tsakiya. Kwata ta yi kyau, an shafe ta sumul, amma bakinta ya tsaya a gindin wata katangar ƙasa. Ruwan da a da yake bazuwa a layin yana tafiya sannu, mun tattara shi wuri ɗaya mun ƙara masa gudu. Ruwan farko mai ƙarfi, da asuba aka aiko kirana. Na tarar da wata dattijuwa tsaye cikin ruwa har gwiwa, bangon ɗakinta ya zube, tana jan buhun gero da ya jiƙe ya kumbura, jikokinta na zaune a kan katifa bisa tarin bulo a waje. Ba ta zage ni ba. Abin da ta ce kawai, da mun bar musu layin yadda yake. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Daga ranar ban sake sa hannu a kwatar da za a fara daga sama ba, ko wa ya ce.

Don haka mai yiwuwa waccan unguwa ta riga ku ne don mafitarta na kusa, aikinta gajere ne mai araha, taku kuwa tana cikin kwari, sai an bi ta bayan gidaje ko an tsallaka titin da ba na ƙaramar hukuma ba. Mai yiwuwa ma ruwan sabuwar kwatarsu a kanku yake sauka yanzu. Je ka bi ta da ƙafa har bakinta ka gani.

Da ni ne kai, ruwan sama na gaba ba zan zauna a ɗaki ba. Ka sa takalmin roba, ku fita ku biyu ko uku, ku bi ruwan daga inda yake shigowa unguwa har inda yake tsayawa, kuna nesa da inda yake gudu da ƙarfi. Ku ɗauki hoto, ku sa alama da fenti a katangu inda ya kai, ku ƙirga gidajen da ya shiga da ɗakunan da suka faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma injiniyan da zai zo da rani ba zai ga abin da kuka gani ba. Ku tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa ke bi kafin a yi gine-gine. Sau da yawa amsarsu ta fi taswirar da ke ofis.

Sannan ku rubuta wasiƙa, shafi ɗaya ya isa, zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansilan mazaɓarku. Kada ku tsaya a kan cewa a taimaka muku da magudanar ruwa. Ku faɗi daga ina zuwa ina, tsawon nawa ko da taku kuka auna, gida nawa abin ya shafa, ina kuke ganin mafita. Ku nemi abu biyu a fili: a turo sashen ayyuka ya auna ya yi ƙiyasi, a kuma sa aikin a kasafin baɗi. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai wa hakimi kwafi, da shugaban sashen ayyuka, da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. A kai ta ofishin rajista, ba a miƙa wa ciyaman a bakin mota ba, a buga hatimi da kwanan wata a kwafinku. Ta shiga kafin Satumba ta ƙare. Bayan mako biyu ka koma ka tambayi inda take, ka karɓi lambar fayil ka rubuta a littafin ƙungiya. Ka riƙa komawa cikin ladabi har 'yan ofishin su san fuskarka. In abin hawa ne ya hana mai awo fitowa, ƙungiya ta ɗauko shi ta mayar da sanin shugabansa. Kuɗi a ambulan kuwa kada ku soma.

Ƙiyasin zai fito da yawa, kada ku karaya. Ku nemi a raba aikin kashi-kashi, kashin farko ya zama mafita da kwalbatinta, ko da ba a ƙofar kowa take ba. A nan za ka sha fama da mutanenka, don kowa so yake a fara daga ƙofar gidansa. Ka ba su labarin dattijuwar nan. Idan mafitar ta bi ta filin wani, ku da mai unguwa da liman ku zauna da shi tun kafin hukuma ta zo, a rubuta yarjejeniya, don a abin da na gani rigimar fili da diyya ta tsayar da ayyuka fiye da rashin siminti. Kuma ku zo da naku. Unguwar da ta ce za ta yi haƙa da aikin gayya ta kawo yashi, hukuma ta kawo siminti da rodi da birkila, fayil ɗinta ya fi saurin tafiya, don ciyaman na ganin aikin da zai iya kammalawa da ɗan abin da ke hannunsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban ce wannan ya sauke wa hukuma nauyinta ba.

Kansilanku kada ku raina shi, ko ba jam'iyyarku ɗaya ba. Shi ke da kujera a ɗakin da ake karanta kasafi, kuma yana buƙatar aikin da zai nuna. Jihohi da dama yanzu na kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin haɗa kasafi, Kaduna ma ta fito da tsarin da al'ummomi ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko a tattara su. In an kira irin wannan taro, ku je da kwafinku mai hatimi. Idan kasafi ya fito ku nemi ganin shafin ayyuka. In an hana, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ba ta tsaya kan gwamnatin tarayya kaɗai ba. Shawarata a bar ta sai lallami ya ƙi. Rediyo da Facebook ma suna tasiri, amma sun fi yi in kana riƙe da takarda mai kwanan wata, kana faɗin abin da ya faru ba ka zagi kowa ba.

In Allah ya sa aka fara aiki, kada ku koma gida ku kwanta. Ku nemi sanin faɗi da zurfin da aka rubuta, ku sa tef ku auna. Kankaren irin wannan aiki yawanci awon 1:2:4 ne. Buhun siminti ɗaya kwanon lebura biyu ne, ke nan kowane buhu yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Dattijo ɗaya da zai shimfiɗa tabarma a inuwa yana ƙirga kwanuka ya isa ya hana ha'inci mai yawa. Ka damƙi yashin ka murza, in ya ɓata maka tafin hannu da laka, ƙasa ce aka haɗa. A riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, kuma kada a bar tifa ta hau sabon kwalbati, don sai ya kwana 28 ake lissafa ya kai ƙarfinsa. Duk ɓangaren da aka gama, a zuba bokitin ruwa a gani: in ya tsaya bai gangara ba, a yi magana tun kafin a wuce gaba. Idan zoben kwalbati za a sa, ku dage a kan mai faɗin milimita 900 in wurin zai ɗauka. Bakinsa ya fi ninki biyu na mai 600, wanda 'yan ledoji da kara ke toshewa. Murfin ƙofar gidaje kuma ya zama wanda ake ɗagawa, don kwatar da aka rufe ruf ba ta yasuwa.

Daminar bana dai ba za ta jira kasafi ba. Ku kira gayya ku yashe duk wata tsohuwar hanyar ruwa da ke akwai, ku fara daga ƙasa. Abin da aka yaso kada a tara shi a bakin kwata, ruwa ɗaya zai mayar da shi. Ku nemi sashen lafiya da tsafta ya ba ku mota, in babu ku kwashe da baro da kura. A jera buhunan yashi a ƙofofin da ruwa ke shiga. Ɗakin ƙasa da gindinsa ya sha ruwa ko bangonsa ya tsage, a fitar da tsofaffi da yara daga cikinsa tun da rana, kada a jira dare. Rijiyar da ruwan layi ya faɗa mata, musamman in tana kusa da masai, kada a sha sai an tafasa ko an sa mata magani, don ta nan amai da gudawa ke shigowa.

Idan kun bi ruwan kun gano inda yake tsayawa, ka sake rubutowa ka gaya mini tsawon, da kuma ko akwai titin kwalta tsakaninku da rafi, sai in faɗa maka ofishin da wasiƙa ta biyu za ta nufa.